Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Yau za mu ratse a Wusasa, bayan ganuwar birnin Zariya. Matafiyin da ke son ɗaukar hoton tsofaffin majami'u yakan nemi doguwar hasumiya da tagogin gilashi. A nan kuwa ginin ƙasa zai tarar, wato Majami'ar St. Bartholomew, wadda ta ci sunan manzo Bartalamawas.

Ga yadda aka yi ta kasance a wurin. A shekara ta 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na CMS zuwa Kano, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo suka sauka a Girku. Can ɗayansu, Ryder, ya rasu. A 1905 Likita Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Da aiki ya yi girma, zama cikin birni kuma ya yi wuya, sai mishan ta ƙaura zuwa Wusasa a 1929, a zamanin Rabaran Guy Bullen. A lokacin nan ne aka gina majami'ar. Bayan shekara uku, a 1932, Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Ku duba fa: kusan lokaci ɗaya Bishara ta sami bakin Hausa, ta kuma sami ɗakin Hausa.

Ƙasar Zazzau ba baƙuwar gwanayen gini ba ce. Tun ƙarni na 19 Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana gini suke zuwa kallo har yau. Magina Hausawa sukan kwaɓa ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su shanya a rana. Bango yakan yi kauri daga gindi, yana sirancewa zuwa sama. Azara, daga itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, ita ce ƙashin gini. Da ita ake ɗaura baka a ɗauki nauyin rufi. Sa'an nan a yi shafe da makuba, daga kwasfar ɗorawa, domin ruwa ya zame. Kaurin bangon nan ne yake sa ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana, ko da babu fanka. Da wannan sana'a ta gida aka yi wa Ubangiji ɗakin sujada a Wusasa, cikin garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi yana yaro.

To, ɗan'uwa mai kyamara, ko kuwa wayar hannu ce gare ka, ka fara gai da fasto da dattawa, ka nemi izini. Ɗakin addu'a ne, kuma ba a kyasta hoto ana cikin sujada. Ka zo da sassafe ko da la'asar, sa'ad da rana take bugun bango ta gefe, har a ga sawun hannun magini. Kada ka tsaya ga fuskar gini kaɗai. Ka ɗauki kaurin ƙofa, da rufi daga ciki, da bagadi, har da inda bango ya tsage. Ka rubuta sunan wuri da rana da shekara. Hoton da ba shi da suna, bayan shekara ashirin ba mai iya cewa na ina ne.

Dalilin wannan ƙoƙari shi ne, ginin ƙasa yana rayuwa ne bisa ga yaɓe. In aka bar shi damina biyu ko uku, sai ya fara zubewa. Ta Wusasa sananniya ce, tana da masu kula da ita. Abin tausayi su ne ƙananan majami'un ƙauyuka, waɗanda kakanninmu suka ɗebo musu ruwa da ƙasa a ka. Ikilisiya ta yi girma, an yi baiko, an rushe tsohuwa an ɗora ta bulo da kwano. Ba laifi ba ne, albarka ce. Amma sau da yawa ba wanda ya tuna ya ɗauki ko hoto ɗaya kafin a sa diga.

A Littafin Joshuwa, sura 4, an ɗauko duwatsu 12 daga Urdun aka kafa, domin ranar da 'ya'ya za su tambayi iyayensu ma'anarsu. Idan a garinku akwai tsohuwar majami'a da kwamiti ya sa ranar rushe ta, ku tara tsofaffin da aka yi wa baftisma a zamaninta, su tsaya a bakin ƙofarta a ɗauke su tare. Ku wanke hoton biyu, ɗaya a ofishin fasto, ɗaya a hannun sakataren ikilisiya.