'Yan Bindiga: Tarihin Harbi a Kano, Daga Fagen Fama Zuwa Fagen Gasa

A bakin mai karanta labarai na yau, kalmar "'yan bindiga" ma'ana ɗaya gare ta: mutanen da ke fitowa daga daji a kan babura, su kore shanu, su sace mutane. Amma a Kano kalmar ta girmi wannan bala'i da fiye da shekara ɗari biyu. A ranar Hawan Nasarawa, idan Sarki ya biyo ta Sabon Gari da Fagge zai koma gida, ƙarar bindiga da hayaƙin albarushi ne ke riga lema isowa, kuma masu wannan harbi su ma sunansu 'yan bindiga, ma'aikata ne na fada masu shugabanni da tsari da gado. Tsakanin waɗannan ma'anoni biyu akwai ta uku, wadda ƙasashe da dama suka gina amma ba ta yi saiwa a ƙasar Hausa ba: harbi a matsayin wasa, mai ƙungiya da alƙali da maki. Dalilin wannan giɓi yana cikin tarihin yadda bindiga ta shigo Kano, da hannun da aka yarda ya riƙe ta.

Baƙuwar da ta zo da sunanta

Harshe ma shaida ne. "Bindiga" daga Larabci take, haka "albarushi" da "harsashi". Baka da kibiya da kwari kuwa 'yan gida ne. Wannan ya nuna ta inda makamin ya fara ɓullowa: ta arewa da gabas, hanyar Sahara da Barno, tun kafin ta bakin teku ta bunƙasa.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya ambaci bindigogi cikin kayan da Dagaci, wani ɗan sarautar Barno, ya zo da su zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Masana tarihi da yawa suna ganin wannan lokaci ya yi wuri ƙwarai, suna ɗauka marubucin ya mai da abin zamaninsa baya. Abin da ya tabbata shi ne ƙarshen ƙarni na 16. A lokacin ne Mai Idris Alooma na Barno ya samo gwanayen harbi Turkawa, ya sa aka horar da bayinsa, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. A 1591 kuma rundunar Maroko, wadda ba ta kai ta Songhai yawa ba, ta tarwatsa daular a Tondibi da ƙarfin bindiga. Sarakunan Hausa suna tsakiyar waɗannan dauloli biyu, ba yadda za a yi labarin ya wuce su.

Duk da haka sai a ƙarni na 18 bindiga ta zauna a Kano sosai. Tarihin Kano ya ce zamanin Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da garkuwoyi daga Nufe tare da bindigogi. Nufe kuwa ƙofa ce ta kayan da ke haurowa daga teku. Sai Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776: shi littafin ya ce ya fara kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Masu harbin Sallah na yau daga wannan tushe suke.

Me ya sa aka bar ta ga bayi

Mai karatu na iya zaton da zuwan bindiga sai baka da takobi su yi murabus. Ba haka aka yi ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Bayan shekara ashirin da biyu, a 1826, Hugh Clapperton ya ga rundunar Sakkwato ta kewaye wani birnin Gobirawa da mayaƙa dubbai, bindigogin da ke cikinta kuwa 'yan gomomi ne kawai.

Dalilin yana jikin makamin. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura mata: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a saka dalma ko guntun ƙarfe, a danna da sanda, sannan a jira ƙanƙara ta ba da tartsatsi. Kafin a gama wannan, ɗan baka ya saki kibiya da yawa, kowace da dafinta. In damina ta sauka albarushi ya yi sanyi, bindiga ta zama sanda. Wani lokaci ma bututun kan fashe a hannun mai shi. Sunan da Hausawa suka ba irinta, harba-ka-ruga, ya ƙunshi dukan bayanin.

Akwai kuma dalili na daraja da na siyasa. Jarumtar basarake a kan doki take, da takobi da mashi da sulke. Tsayawa a ƙasa ana danna albarushi ba aikin ɗan sarauta ba ne. Shi kuma Sarki ba ya son makami mai kisa daga nesa ya yawaita a hannun hakiman da za su iya yi masa tawaye. Saboda haka aka damƙa bindigogi da albarushi a hannun bayin Sarki, waɗanda ba su da haƙƙin gadon sarauta, ƙarƙashin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Tun daga nan bindiga ta zama kayan hukuma. Talaka yana iya gwada ƙarfinsa a dambe ko kokawa ko sharo, jama'a su taru su yi shewa, amma ba a taɓa buɗe masa fagen gwada iya harbi da bindiga ba.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya ɗaga darajar makamin. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera igwa a Zinder, magadansa kuma suka matsa wa Kano da yaƙi. A cikin gida, Yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa ya nuna cewa wanda ya riƙe 'yan bindiga ya riƙe rabin nasara. Aliyu Babba, wanda ya fito da rinjaye, ana masa laƙabi da Mai Sango, sango kuwa wani irin mashi ne da ake harbawa daga bakin bindiga, wanda maharba giwa suka sani.

1903: ranar da horo ya yi magana

Tun a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogin ƙanƙara. Sakamakon ya bayyana ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da Kanar Morland ya iso ganuwar Kano da sojojin da ba su kai dubu ɗaya ba, da 'yan igwa, da bindiga mai ruwa, wato Maxim, mai aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. Sarki Alu yana hanyar Sakkwato da mafi yawan dawakinsa. Birnin ya faɗi a rana ɗaya, Sarkin Shanu ya rasu yana kare gidan Sarki. Bayan 'yan makonni Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Sakkwato ta bi a 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi cikin Yuli.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗanda suka ja kunamar bindigogin nan 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa, a rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wadda asalinta ke komawa ga dakarun Hausawa na Glover a Legas a 1863. Bambancinsu da 'yan bindigar Sarki bai tsaya ga ingancin ƙarfe ba. An yi watanni ana koya musu tsayuwa a sahu, da saiti, da harbi a kan umarni, da ƙirga harsashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan horo yana da alaƙa da wasa kai tsaye. A Ingila an kafa ƙungiyar harbi ta ƙasa a 1859 don a koya wa farar hula 'yan sa-kai iya saiti, saboda tsoron mamayar Faransa. Gasarta ta fara a Wimbledon a 1860, ta koma Bisley a 1890. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896, harbi yana cikin wasannin farko. Wato a gida Turawa sun mai da harbi abin gasa da kofi ga talakawansu, a ƙasashen da suka mallaka kuwa suka kulle shi a bariki.

Fagge da Sabon Gari

Yankin da ya zama ƙaramar hukumar Fagge a yau, daga Sabon Gari zuwa Kwaciri da Rijiyar Lemo, ya ga zamanin biyu da idonsa. Fagge zango ne na asali a wajen ganuwa, inda ayarin raƙuma daga Agadas da sauran garuruwan Sahara ke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari wajen 1913, kuma tsofaffin sojoji suna cikin mazaunanta na farko, tare da akawuna da ma'aikatan jirgi daga kudu. Barikin Bukavu, wanda ya ɗauki sunan wani gari a Kwango inda sojojin Nijeriya suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960, yana nan a yankin. Ke nan sama da ƙarni guda unguwannin nan suna maƙwabtaka da mutanen da suka san ƙa'idar bindiga, amma ilimin bai tsallako katangar bariki ya zama na jama'a ba.

Wanda ya rage a wajen bariki da fada shi ne mafarauci, da karnukansa da bindigar tokarsa, ƙirar maƙerin gida. Farauta tana da nata tsari: Sarkin Baka, da kirari, da fitar rani bayan an kawar da amfanin gona. Sai dai gwaninta ce da ake auna ta da nama, ba a rubuta ta a takarda, hukuma kuma ba ta san adadin masu ita ba.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi, har da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsaye, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku su ne masu ɗurin baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani.

Abin lura shi ne bindigar iska tana cikin kashi na biyu. Ita ce kuwa ƙofar shiga wasan harbi a duniya. A gasar mita 10 ta Olamfik, ɗan wasa yana harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, sau 60, yana neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne. Babu albarushi, babu ƙara mai firgitarwa. Abin da ake gwadawa shi ne numfashi da natsuwa da haƙuri. Da irin wannan bindiga Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinare a Beijing a 2008, Masar kuma ta karɓi baƙuncin gasar harbi ta duniya a Alƙahira a 2022. Nijeriya tana da hukumar wasan harbi ta ƙasa, amma matashin Kwaciri da ke sha'awar wasan zai fara cin karo da lasisin da sai an je Abuja, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi.

Farashin rashin tsari

Ƙasar ta tsinci kanta a wani hali mai ban mamaki: makamin yaƙi ya cika dazuzzukan Zamfara da Katsina ba da izinin kowa ba, mai bin doka kuma ba shi da inda zai koyi ko da yadda ake ajiye bindiga lafiya. Idan tura ta kai bango, sai a juya ga mutanen da ba a taɓa yi wa rajista ba. A 2014 mafarauta sun taimaka wajen fatattakar Boko Haram a yankin Mubi. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, shugabannin tsaro na tarayya suka ƙi amincewa. A Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka shiga aka ɗauke su masu satar mutane.

Ƙungiyar harbi ba za ta kawo ƙarshen ta'addanci ba, kuma mai tsoron ƙarin bindigogi a gari irin Kano yana da hujja. Amma abin da irin wannan ƙungiya ke samarwa shi ne ainihin abin da ya ɓace: rajistar sunaye, da katin shaida, da ma'ajiya mai kulle inda makami ke kwana maimakon ƙarƙashin gado, da malami mai iya korar wanda ya karya ƙa'ida. Ana iya farawa ba tare da albarushi ba, da bindigar iska da kuma baka, wanda shi ma wasan Olamfik ne kuma gadon gida ne.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, kuma 'yan bindigar fada suna cikin abin da aka karrama. Tsarin da Babba Zaki ya kafa ya rayu shekara kusan 250 domin yana da shugaba da horo da iyaka. Waɗannan ukun ne gwamnatin jiha da masarauta da ƙungiyoyin mafarauta za su zauna a kansu, in ana so matashin Fagge ya koyi saiti a hannun koci kafin wani ya koya masa a daji.