Waƙafi da Ɗorewar Jama'a: Daga Sarayebo zuwa Arlit

Lalle wanda ya nazarci tarihin Musulmin ƙasar Sabiya da maƙwabtanta zai tarar cewa duk jama'ar da ta jingina masallatanta da makarantunta ga ƙarfin daula kaɗai, to, ran da daular ta naɗe tabarmarta, su ma sun kama hanyar rushewa. Birnin Belgrad, wanda ya cika da masallatai a zamanin Daular Usmaniyya, tun da askarawan Turkawa suka fice daga ganuwarsa a 1867 aka yi ta rasa su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba wanda ya saura daga na wancan zamani sai na Bairakli, shi ma an cinna masa wuta a watan Maris na 2004.

Amma a Sarayebo, inda hakimin Bosniya Gazi Husrab Beg ya gina madarasa a 1537, ya kuma yi waƙafin shaguna da masaukin fatake domin kuɗin hayarsu ya riƙa biyan malamai da ciyar da ɗalibai, madarasar nan ta ga zuwan Ostiriya a 1878, ta ga mulkin gurguzu na Tito da ya ƙwace galibin dukiyar waƙafi, ta ga ƙawanyar yaƙin 1992 zuwa 1995, har yau kuwa ana karatu a cikinta. Ba na musun cewa yawan Musulmin Bosniya ya taimaka, sai dai yawa ba ya biyan malami.

Mu a Arlit ba tsiraru ba ne, alhamdu lillahi, amma illar jingina ga wani tana tare da mu, domin garin da ma'adinin yuraniyom ya kafa a 1969, ruwansa da asibitinsa da albashinsa duk daga hannun kamfani suka fito. Da aka rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, sai ga ma'aikatanta na Akokan suna ɗaure katifu da tukwane bisa manyan motoci zuwa Agadas da Tawa, alhali da karo-karonsu na ƙarshen wata ake biyan malaman Islamiyya.

Saboda haka ina kira ga attajiranmu, da waɗanda Allah Ya buɗa wa a zinariyar Jado, su tsayar da shago ko rijiya waƙafi ga makarantun unguwanninsu, a rubuta shi a gaban alƙali da shaidu, tun ƙasa tana bayarwa.