Hoton Aboki da Hoton Maƙiyi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Karin magana ne da na sha koya wa ɗalibaina a darasin Hausa, ban kuwa taɓa yin shakkarsa ba sai ranar da muka buɗe wani littafi a darasin Faransanci, muka tarar da hoton Janar De Gaulle yana tafiya a ƙasa bisa babban titin Champs-Élysées, ran 26 ga Agusta 1944, kwana ɗaya bayan sojan Jamus da ke Paris sun miƙa wuya. Na nemi yara su bayyana abin da suke gani. Suka lissafo tutoci da hulunan soja da taron jama'a kamar ƙasa. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga bayan aji ta ce, "Mushe, a gidanmu an ce kakan babana ya yi wannan yaƙi. To, ina irinsu a cikin hoton?" Amsar da na ba ta a ranar ba ta gamsar da ni ba, balle ita. Ga wadda ta kamata in bayar.

Sojan da Faransa ke kira tirailleurs sénégalais ba ƴan Sanagal ba ne kaɗai. Gwamna Faidherbe ne ya kafa rundunar a Sanagal cikin 1857, sunan ya bi ta har ya rufe duk wani baƙar fata da aka ɗauka soja a ƙasashen da Faransa ke mulki kudu da Sahara, ciki har da Nijar. Da Jamus ta auka wa Faransa a watan Mayu 1940, dubban waɗannan mutane suna bakin daga. A nan ne labarin hoton farko ya soma.

Ran 17 ga Yuni 1940, Marshal Pétain ya faɗa wa Faransawa ta rediyo cewa lokacin daina faɗa ya yi. Duk da haka aka umurci rajimanti na 25 na tirailleurs su tare hanyoyin da ke shiga birnin Liyon ta arewa. Suka yi ta gwabzawa ranakun 19 da 20 ga wata, har harsashi ya ƙare wa waɗanda ke ƙauyen Chasselay, suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware fararen fata gefe guda, suka kora baƙaƙen zuwa wani fili da ake kira Vide-Sac, inda tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta, sa'an nan suka bi ta kan waɗanda ke da sauran numfashi. Mutum 48 aka kashe a wannan fili, saura kwana biyu a sa hannu kan takardar tsagaita wuta.

Wannan ta'asa tana da saiwa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da Faransa ta girke sojan Afirka a yankin kogin Rhin, ƴan kishin ƙasar Jamus suka mai da zaman baƙar fata a ƙasarsu abin kunya da ba a yafewa, farfagandar ƴan Nazi kuwa ta sake hura wannan wuta a 1940. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojan da aka hallaka ta irin wannan hanya cikin Mayu da Yuni na shekarar sun kai tsakanin 1,500 da 3,000.

Shekaru da dama ana ɗora alhakin kisan Chasselay a wuyan rundunar SS mai suna Totenkopf, wadda dama ta yi ƙaurin suna wajen rashin imani. Sai a 2019 wani mai tara tsofaffin hotuna ya samu kundin wani sojan Jamus, a ciki akwai hotuna takwas na wannan rana. Ana ganin mutanen an koro su hannuwa a sama, ana ganin tankoki a filin, daga ƙarshe ana ganin gawawwaki cikin ciyawa. Masanin tarihi Julien Fargettas ya yi nazarin hotunan, aka fito da su fili a 2020. Alamomin da ke jikin tankokin sun nuna cewa na runduna ta 10 ta tankokin Wehrmacht ne, wato sojan ƙasa na yau da kullum. Abin da wannan ke nufi ba ƙarami ba ne, domin an daɗe ana wanke wannan soja, ana cewa aikin assha duk na SS ne. Wanda ya ɗauki hotunan ya adana su ne don tunawa, kamar yadda maharbi ke ajiye ƙahon abin da ya kasa. Bai san shaida yake tarawa a kan ƴan'uwansa ba, wadda za ta yi magana bayan shekara tamanin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, mu koma ga hoton Paris. Rundunar da ta shiga birnin ita ce ta biyu ta tankoki, ƙarƙashin Janar Leclerc, asalinta kuwa daga maƙwabciyarmu Cadi yake. Ran 26 ga Agusta 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya bi bayan De Gaulle, a lokacin da Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki ke hannun gwamnatin Vichy. Daga Cadi Leclerc ya ratsa hamada da mutum wajen 400, mafi yawansu ƴan Afirka, ya ƙwace zangon Kufra na ƙasar Libiya daga hannun Italiya ran 1 ga Maris 1941. Kashegari suka yi rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta kaɗa bisa babbar majami'ar Strasbourg.

Amma da aka sake fasalin rundunar a 1943, aka kai ta Maroko domin Amurka ta ba ta tankoki da kayan yaƙi, sai aka sallami baƙaƙen fatar da ke cikinta zuwa wasu rundunoni. Sojan Amurka a wancan zamani a rarrabe suke, farare daban baƙaƙe daban, ba a kuwa ba da umurnin soke wannan tsari ba sai 1948. De Gaulle yana son sojan Faransa su fara shiga Paris, manyan hafsoshin ƙawance kuma suna da nasu sharaɗi. A watan Janairu 1944 Janar Walter Bedell Smith, shugaban ma'aikatan Janar Eisenhower, ya rubuta cewa an fi so rundunar da za a kai ta kasance ta fararen fata. Gidan rediyon BBC ya bayyana wannan takarda ga jama'a a 2009. An bar ƴan Afirka ta Arewa a ciki, an bar ƴan gudun hijirar Sipaniya, waɗanda ma suna cikin na farko da suka isa tsakiyar birnin a daren 24 ga Agusta. Mafi yawan waɗanda suka yi rantsuwar Kufra kuwa ba su ga Paris ba, ba su ga Strasbourg ba sa'ad da aka ƙwato shi ran 23 ga Nuwamba 1944.

Haka aka yi wa waɗanda suka sauka gaɓar Provence daga 15 ga Agusta 1944, suka zubar da jini wajen ƙwato Toulon. Da kaka ta yi, aka janye dubbansu daga bakin daga, aka ce ba za su jure sanyi ba, aka miƙa tufafinsu da bindigoginsu ga samarin Faransa ƴan gwagwarmayar cikin gida. Faransawa suna kiran wannan blanchiment, wato farantawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai karatu zai lura cewa ba wanda ya taɓa hoton Paris da almakashi ko alƙalami. Duk wanda ke cikinsa ya tsaya a wurin da gaske. An dai riga an tace waɗanda za su tsaya gaban na'urar tun watanni kafin mai hoto ya danna. Duk da haka tacewar ba ta cika ba. A wasu hotunan wannan rana, a gefen sahun manya, ana ganin wani saurayi baƙi da hannunsa rataye cikin bandeji. Georges Dukson ke nan, ɗan ƙasar Gabon, wanda ya yi faɗa a titunan Paris tare da ƴan gwagwarmaya. Ba wanda ya gayyace shi, shi ya kutsa kansa cikin sahun.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Abokin da suka yi wa yaƙi ya fitar da su daga hotonsa na ranar farin ciki, maƙiyin da ya kashe su shi ya adana fuskokinsu. Saboda haka duk hoton yaƙin da ya zo hannunmu, wajibi ne mu tambaye shi abu uku: wa ya ɗauke shi, don wa aka ɗauke shi, wa aka kawar kafin a ɗauka. In ba mu yi haka ba, gani zai kori ji, alhali kuwa jin nan, wato abin da tsofaffin soja suka faɗa wa jikokinsu a zaurukan Damagaram da Tawa da Maraɗi, shi ne sau da yawa ke cike gurbin da hoto ya bari.

A Chasselay akwai maƙabarta mai jan bango, ginin irin na ƙasashen Sudan, wadda ake kira tata. An buɗe ta ran 8 ga Nuwamba 1942, tirailleurs 188 ke kwance a ciki, wasu da sunayensu, wasu an rubuta musu "ba a san shi ba". Tun daga waccan shekara, duk sa'ad da muka iso shafin De Gaulle, nakan ajiye hoton wannan maƙabarta kusa da shi, in ce wa yara su kwatanta su biyun. Sa'an nan in ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda aka ɗauka soja, ya rubuto sunansa da na garinsu, da Hausa da Faransanci.