Daga Malta Zuwa Doron Baga: Yawon Da Ban San Darajarsa Ba



Kwanakin baya ɗan ƙanwata da ke karatu a Italiya ya turo mini hotunan wani yawo da suka yi a babban jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido. Jirgin ya tsaya a tsibirin Malta, aka sauke su aka zaga da su ganuwar birnin Valletta ana ba su tarihi, daga nan aka wuce da su gonar inabi don ɗanɗana giyar ƙasar. Ya ce, "Kawu, kada hankalinka ya tashi, ni ruwan lemo na sha." Na yi dariya, amma sunan Malta ya hana ni barci, domin ya tuno mini da namu bakin ruwan.

A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Overweg, abokin tafiyar Barth wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya jefa kwale-kwale a Tafkin Chadi. A Malta ɗin nan aka ƙera shi, aka rarraba shi gida-gida, raƙuma suka ratso da shi Sahara tun daga Tarabulus har Borno. Da shi ya shiga tsibiran Buduma. Bai koma gida ba, a gaɓar tafkin ya mutu a 1852.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani yaro Bahaushe, Dorugu, da aka kamo bawa daga ƙasar Damagaram, wato inda mahaifina ya taso kafin ya sauka a Hausari. Overweg ya 'yanta shi, bayan mutuwarsa ya bi Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855. A can wani malamin mishan, Schön, ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa, ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Ashe ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka buga da harshenmu, na baƙo ne irinmu da ya zauna a Borno.

Duk wannan ban san shi ba a 2005, lokacin da na raka baffana saron kifi. Mun bi ta Monguno, muka ratse Kukawa saboda Baffa yana son ziyarar kabarin Shehu Laminu, wanda ya kafa garin a 1814. Wani dattijo ya nuna mana inda aka ce birnin gabas na sarakuna yake da na yamma na talakawa da fatake, kafin Rabe ya rushe garin a 1893. Ni kuwa agogo kawai nake dubawa. Baffa ya ce, "Kai yaro, tsaya ka ji. Ba don faɗuwar garin nan ba, da ba a haife ka a Yerwa ba." Gaskiyarsa, don bayan Rabe ya koma Dikwa an kashe shi a Kusuri a 1900, daga baya Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907, gari ya buɗe, iyayenmu suka biyo da kolinsu.

Washegari a Doron Baga muka shiga jirgin katako mai inji, muka bi wata siririyar hanya a cikin ciyayi. Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya riga ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980, har matuƙin ya nuna mana gonar wake ya ce a nan mahaifinsa yake jefa koma. Muka sauka a wani tsibiri, a nan muka yi namu ɗanɗanon. Aka kawo madara mai ɗumi a ƙwarya, ta shanun Kuri masu manyan ƙahoni, sai banda da yaji, sai shayi zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Mai masaukinmu yana ta ba Baffa labarin yadda kakanninsa ke ɗauko kanwa ungurnu daga gabas a jirage, fataken Hausa su saya su kai Kano. Babu tikiti, babu mai fassara, kuma ko kalma ɗaya ban rubuta ba.

Kowa ya san abin da ya sami Baga a 2013 da kuma Janairun 2015. Baffa ya rasu, ni ban sake komawa ba, sunan tsibirin ma ya ɓace mini. 'Ya'yana sun san kifin Tashar Baga a miya, amma ba su taɓa ganin ruwan da ya fito ba.

Mutanen Malta sun adana ganuwarsu har ɗanmu ya biya kuɗi ya gani. Mu namu tarihin yana bakin tsofaffin direbobi da dillalan kifi a Hausari da Gwange. Duk mai irin wannan dattijo a gida, don Allah ya dafa masa shayi, ya kunna waya ya ɗauki muryarsa tun yana raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a bakin tafki.