Daga Nono da Kifi zuwa Tuwon Masara: Tarihin Cimar Masuntan Tafkin Cadi

Ƙasar Nijar ba ta da bakin teku, amma tana da gaɓar ruwan da ta taɓa zama tamkar teku ga mutanen gabas, wato Tafkin Cadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita dubu 25, kuma garin Ngigmi a bakin ruwa yake. Uwargidan da ke jefa gutsuren banda cikin miyar kuka a Damagaram ko a Matamaye ba lalle ba ne ta san cewa cimar masu kamo mata kifin ta sauya har sau uku cikin shekaru sittin.

Mutanen tsibiran tafkin, Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, sun daɗe suna rayuwa a kan abu biyu: nonon shanunsu na Kuri masu manyan ƙahoni, da kifin da suke kamawa a kan kwale-kwalen da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa. Hatsi kuwa baƙo ne a tukunyarsu. Sai sun kai busasshen kifi da kanwa kasuwannin Barebari na gaɓa suke samo shi ta hanyar musaya. A wancan zamani don ciki ake su, abin da ya ragu shi ke zuwa kasuwa.

Sauyi na farko ya zo da ragar nailan da ta bazu a shekarun 1960, tare da kwararar masunta Hausawa daga ƙasashen Haɗeja da Kabi. Kamu ya yawaita, aka riƙa yanyanka kifi ana ƙyafe shi ya zama banda, motoci na kwasa ta Baga da Maiduguri zuwa kudancin Najeriya. Daga nan kifi ya zama kuɗi. Mai kyau ya tafi kasuwa, kuɗinsa suka dawo gida da hatsi, shinkafa, sukari da ganyen shayi.

Sauyi na biyu fari ne ya kawo shi. A 1973 tafkin ya rabu biyu, ɓangaren arewa, wanda rabon Nijar ke cikinsa, ya soma ƙafewa. Farin 1984 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Giwar ruwa, mai son zurfi, ta yi ƙaranci. Tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure wa ruwan fadama, suka maye gurbinta. Masunta da dama suka ajiye koma suka ɗauki fartanya, suna shuka masara da wake a danshin da ruwa ya bari. Ta haka tuwon masara ya zauna a gidajen da a da nono da kifi ne abincin dare. Ko da ruwa ya sake lekowa a ƙarshen shekarun 1990, ba a bar noman ba, sai aka haɗa taura biyu.

Sauyi na uku shi ne mafi ɗaci. Bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairu 2015, da na tsibirin Karamga cikin Afrilu, hukuma ta kwashe mutanen tsibirai, aka kuma hana su da cinikin kifi, hanin da ba a ɗage ba sai a 2019. Iyalan da suka ciyar da birane suka koma jiran buhun taimako a sansanoni.

Hasarar ba ta tsaya ga ciki ba. Yaron da ya tashi a sansani bai san sunayen kifaye ba, bai san lokacin hayayyafarsu ba, bai iya ƙyafe banda yadda ba za ta yi tsutsa ba. Wannan sani yana bakin tsofaffi ne, ba a littafi ba. Ya kamata malaman harsunan ƙasa su je su rubuta shi tun masu shi suna raye.