Hoton Faifai: Tarihin Kwamfutar Cikin Kwamfuta da Tsofaffin Rubuce-rubucenmu

Wannan makon za mu taɓa tarihin wani abu da ake ɗauka na injiniyoyi ne kawai, alhali ya shafi aljihun kowane marubucin Hausa.

Daga Gawon Nama, wajen Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har cikin garin Sakkwato, mun san shagunan buga takardu inda ɗalibai da marubuta suka daɗe suna kai aiki. Labarai da waƙoƙi da kundayen digiri da yawa suna kwance a faifan tsofaffin kwamfutocin irin waɗannan shaguna. Da yawansu an buga su da haruffan Rabi'at ko Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990 don a iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Dabarar ita ce an ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi. Shi ya sa in aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da su, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Wani fayil ɗin ma ba ya buɗuwa sai da tsohuwar manhajar da ta haife shi. Ke nan wani lokaci kwafe fayil kaɗai bai isa ba, sai an ɗauko gidan duka.

Wannan ɗauko gida shi ne hoton faifai: a juye faifan gaba ɗaya, da Windows ɗinsa da haruffansa, ya zama fayil guda. Sannan a tayar da shi a kwamfutar cikin kwamfuta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'ura sukutum.

Abin ya girmi yawancinmu. Kamfanin IBM na Amurka ya fara shi a shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972, don mutane da yawa su raba babbar na'ura ɗaya kowa yana ganin tasa ce. Umarnin dd mai juye faifai kuwa ya zo da Unix tun shekarun 1970, har yau ana amfani da shi. VMware ta kawo fasahar kan kwamfutar tebur a 1999, amma da kuɗi.

Mu dai a ganinmu shekarar da ta fi muhimmanci ga talaka ita ce 2003, lokacin da Fabrice Bellard, ɗan Faransa, ya saki QEMU kyauta. Tare da ita akwai qemu-img, ƙaramar manhaja marar maɓallan dannawa, sai dai ka rubuta mata umarni a baƙin allo. Ka ce info, ta faɗa maka nau'in hoton da girmansa. Ka ce convert, ta mayar da shi daga vmdk na VMware ko vdi na VirtualBox zuwa qcow2. Ka ce check, ta duba ko ya lalace. A 2007 KVM ta shiga cikin Linux, gudun ya ƙaru sosai.

Abin da ya fi burge mu a qcow2 shi ne ana iya ajiye hoton asali a matsayin uwa, a ƙirƙiri ɗan ƙaramin fayil a kansa. Duk canjin da aka yi a ɗan yake sauka, uwar ba a taɓa ta. Wanda ya san yadda malaman Sakkwato suke juyar littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, a kwafa daga uwa sannan a yi muƙabala, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai a kula. Umarnin dd ba ya tambaya ko ka tabbata. Yana karanta abin da ke bayan if, ya rubuta a kan abin da ke bayan of. In ka musanya su, ka shafe faifan da ka zo ceto. Kuma tsohuwar Windows XP takan ƙi tashi a sabon muhalli. A nan libguestfs ke shigowa, wadda Richard Jones na Red Hat ya fara a 2009: tana buɗe hoton ba tare da an tayar da shi ba, a ciro fayilolin rubutu da na haruffan tare, daga nan a zauna a mayar da kowace } zuwa ƙ.