Gobarar Landan ta 1666: Daga Gidan Burodi Zuwa Rumfunan Littattafai

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Mai karatu, duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san lokacin zafi shi ne lokacin da ɗan kasuwa ke kwana da ido ɗaya, domin komai ya bushe, ƙyastu ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekaru. Tarihin birnin Landan na ƙasar Ingila ya ishe mu misali.

A shekarar 1666 an yi fari da zafi mai tsanani a Landan, watanni ba ruwan kirki. Akasarin gidajen na katako ne, wasu an shafe su da kwalta, ga lunguna a tsuke har benaye na neman haɗa goshi. A bakin Kogin Tems kuwa 'yan kasuwa sun jibge mai da kitse da kwalta da gawayi da igiyoyi a ɗakunan ajiya. Ana cikin wannan hali, da tsakar daren Lahadi 2 ga Satumba, sai wuta ta tashi a gidan burodin wani mai suna Thomas Farriner da ke lungun Pudding Lane. Shi da iyalinsa suka tsira ta taga suka haura gidan maƙwabci, amma 'yar aikinsu tsoro ya hana ta bi, ita ce ta fara rasa rai.

Da an yi abin da ya kamata a daren nan, da labarin bai kai gare mu ba. Dabarar zamanin ita ce a rushe gidajen da ke gaban wuta don ta rasa abin ci. Magajin Gari, Thomas Bloodworth, ya zo ya raina wutar, ya ƙi ba da izinin rusau saboda masu gidajen ba sa nan, ya koma gida. Iskar gabas ta kora wutar zuwa ɗakunan ajiyar nan, ta kuma cinye na'urar da ke ɗebo wa gari ruwa a gadar Landan. Sai bayan kwana huɗu, da iska ta lafa aka kuma riƙa tarwatsa gidaje da albarushi, sannan aka shawo kanta. Ta laƙume gidaje kimanin 13,200 da majami'u 87.

Abin da ya fi shafar mu marubuta shi ne na masu sayar da littattafai. Rumfunansu na kewaye da babbar majami'ar St Paul, ginin dutse mai kauri. Da suka ga wuta na matsowa sai suka kwashe hajarsu kaf suka loda a ɗakin ƙarƙashin majami'ar, suka toshe ƙofofi, hankalinsu ya kwanta. Ashe katakan magina da ke jikin ginin za su kama. Daren Talata rufin dalma ya narke, duwatsu suka rufto suka fasa daɓen, littattafan suka yi ta ci har tsawon mako. Wani daga cikinsu, Joshua Kirton, ya tsiyace, bai kuma farfaɗo ba har ya rasu a 1667.

Wani mai sayen littafi a wurinsa, Samuel Pepys, ma'aikacin ofishin sojan ruwa, ya bi wata hanyar. Tun da asubar Litinin ya ɗora kuɗinsa da kayansa masu daraja a amalanke ya kai gidan wani abokinsa a wajen gari, har da kundin da yake rubuta al'amuran yau da kullum, wasu takardun ofis kuma ya binne su a lambu. Daga wannan kundi ne duniya ta san da yawa daga cikin abin da ya faru.

Da wuta ta mutu sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Aka rataye wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Robert Hubert, wanda ya yi iƙirarin shi ya cinna ta. Daga baya aka gano sai da wutar ta kwana biyu tana ci sannan ya sauka a Landan.

Gyaran gaskiya ya zo ta wata fuskar. Dokar 1667 ta tilasta yin gini da bulo ko dutse, aka kuma faɗaɗa wasu tituna. Wajen 1680 Nicholas Barbon ya buɗe ofishin inshorar gobara, inda mai gidan katako ke biyan ninki biyu na abin da mai gidan bulo ke biya.

Mu ma nan bazara ba ta raga mana, don ba a manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba. Saboda haka mai shago ya duba murhu da wayar lantarki kafin ya kulle, ya raba fetur da haja, kada kuma ya toshe hanyar motar kashe gobara. 'Yan'uwa marubuta kuwa, wanda ya kammala littafi ya yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wani wuri dabam, haka ma bugaggun da ke jiran mai saye kada a tara su ɗaki guda. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.